Sawun Baƙo a Kan Matakala

Duk wanda ya fara laƙaba wa abin nan da ke zuba daga sama a ƙasashen sanyi sunan "dusar ƙanƙara" ya yi fasaha, amma kuma ya yi wa abin sassauci. Dusa dai aba ce marar nauyi, wadda akan fitar wajen surfe a jiƙa wa awaki. Ƙanƙara kuwa, a sanin Bahaushe, 'yan duwatsun ruwan nan ne da kan zubo a farkon damina, yara su bi su da gudu suna tsinta suna jefawa a baki. Wanda ya haɗa waɗannan kalmomi biyu a ransa ba zai taɓa zaton abin da suke nufi yana iya binne mota, ya tsai da birni sukutum, ya ɗauki ran mutum a ƙofar gidansa ba. Akwai wani dattijo Bakatsine, tsohon malamin makaranta, wanda ya tafi Amurka da irin wannan zato. Har yau, da zarar hunturu ya kama, kan yatsunsa biyu na hannun hagu yakan yi masa tsami, shi kuwa sai ya ce Boston ce ke gaishe shi.

A watan Satumba na 1977 ya sauka a birnin Boston, helkwatar Jihar Massachusetts, a bakin Tekun Atilantika. Yana saurayi a lokacin, gwamnatin jiharsu ce ta tura shi ƙaro ilmi, zamanin kuwa Katsina tana cikin Jihar Kaduna. Ya sami masauki a unguwar Brighton, yamma da tsakiyar gari, cikin wani gidan katako mai hawa uku irin waɗanda suka cika unguwannin ma'aikata na birnin, kowane hawa da mai shi, matakala guda ta haɗa su. A ƙasa akwai mai gidan, wata tsohuwa 'yar asalin ƙasar Ailan wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. A tsakiya akwai wani ƙaƙƙarfan gwauro marar fara'a, tsohon ɗan kwana-kwana. Shi kuwa baƙo yana can ƙololuwa, ƙarƙashin rufi.

Abin da ya fara cin ransa a wannan gida shi ne rashin gaisuwa. Ya taso a unguwar da mutum ba ya wuce zauren maƙwabcinsa sai ya tambayi kwana da gajiya da iyali, wadda idan aka rasa ganinka a masallaci sau biyu a jere sai an aiko yaro ya duba lafiya. A makon farko, da ya haɗu da tsohuwar a bakin ƙofa, sai ya rusuna ya jero mata gaisuwa cikin Turancinsa na makaranta, ita kuwa ta amsa da kalma guda, ta ja ƙofarta. Ɗan kwana-kwanan ma ko kalmar ba ya yi, kai kawai yake ɗagawa. Ana nan, wata safiya sai ya tarar an zuro masa 'yar takarda ta ƙarƙashin ƙofa, tsohuwar tana roƙon a rage taku da kwarar ruwa kafin gari ya waye, domin gidan katako ba ya ɓoye motsi. Alwalarsa ta Asuba ake nufi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Roƙon kansa bai dame shi kamar yadda aka yi shi ba: ga shi ga ta, rufi guda, amma sai takarda ce za ta yi magana. A daren ya rubuta wa wansa wasiƙa, ya ce ya zo ƙasar da Allah ya ba mutanenta komai ya hana su maƙwabtaka. Daga nan shi ma ya tsuke bakinsa, ya shiga hawa da sauka kamar ba kowa a gidan.

Sanyi ya shigo a hankali. Itatuwa suka zubar da ganye, rana ta riƙa faɗuwa tun mutane ba su tashi daga aiki ba, dusar ƙanƙara ta farko ta zubo kamar audugar rimi. A ranar 20 ga Janairu, 1978, aka yi wata babba, wadda ta tara kimanin inci 21 a birnin. Bakatsinen ya fita cikinta, ya taka har jami'a ya dawo, ya sa aka ɗauke shi hoto yana tsaye ta kai masa gwiwa, ya aika gida. Wannan fita ita ce ta cuce shi, gama ta sa ya ɗauka ya gama sanin abin, alhali kuwa bai ga komai ba tukuna.

Ran Litinin, 6 ga Fabrairu, masu duban yanayi sun riga sun yi gargaɗin cewa wata guguwa na tafe, kuma an sa ran za ta fara tun da duku-duku. Gari ya waye ba ta zo ba. Jama'a suka ce an sake yin kuskure irin na kullum, kowa ya kama hanyar aikinsa. Sai da rana ta ɗaga sa'an nan ta soma, ta kuwa soma da ƙarfi, aka shiga sallamar ma'aikata da 'yan makaranta, kowa ya fito kan titi a lokaci guda. Shi Bakatsinen yana ɗakin karatu na jami'a, ya duƙufa a kan wata jarrabawa da ke gabansa. Wani abokin karatunsa ya dafa kafaɗarsa ya ce ya tashi su tafi tun hanya na biyuwa, ko kuwa ya zo ya kwana a ɗakinsa da ke kusa. Ya yi murmushi ya ce ai ya ga ta Janairu. Bai fito ba sai da aka zo rufe ɗakin, duhu ya riga ya yi.

Ya tsaya a inda yakan hau taragon lantarkin da ke bin babban titin Commonwealth, ya jira har ƙafafunsa suka fara sandarewa, tarago bai zo ba. Tsakaninsa da gida bai fi mil biyu da 'yan kai ba, tafiyar da ya saba yi cikin minti arba'in. Ya gyara kwat ɗinsa, ya rungume jakar littattafai, ya kama hanya da takalmin fata sau-ciki.

Wanda ya taɓa shiga guguwar ƙurar da kan riga ruwan farko a ƙasar Hausa, wadda mutum ba ya ganin tafin hannunsa a cikinta, ya san ɗan wani abu daga halin da ya shiga. Sai dai ita wannan ta ƙasar Hausa, kafin a gama dama fura ta wuce. Ta Boston kuwa ba ta da niyyar wucewa. Iska ce ke kwaso dusar a kwance tana watsa masa a fuska kamar tsakuwa, numfashi ya gagara sai ya juya baya. Fitilun titi suka zama kamar garwashin da toka ta rufe. Duk alamun da ya saba gane hanya da su, allon kanti da bakin kwalbati da mararraba, sun shafe, gari ya zama fari fat ba sama ba ƙasa. Motoci na tsaye birjik a tsakiyar hanya, waɗansu an bar su ƙofa a buɗe, waɗansu sun koma tuddai. A wani wuri ya zurma cikin tarin dusa har ƙugu, garin fitowa safar hannunsa ta hagu ta salwanta, ya laluba bai same ta ba. Jakar littattafan kuwa ya ƙi yar da ita, domin na ɗakin karatu ne aka ba shi aro, yana tsoron tara.

Bayan kamar sa'a biyu sai ya daina jin zafin sanyin, wani irin daɗi da kasala suka lulluɓe shi. Ya iso wata baranda, zuciyarsa ta ce ya ɗan zauna ya huta, minti biyar kawai. Daga baya ya sami labarin cewa wannan shi ne mafi haɗarin duk abin da ya gamu da shi a daren, gama idan sanyi ya ci ƙarfin jiki barci yake kawowa, irin barcin da ba a tashi. Abin da ya hana shi zama, in ji shi, tunanin mahaifiyarsa ne, da yadda za a je a gaya mata ɗanta ya mutu a bakin ƙofar wani, a garin da ba wanda zai san ya ɓata sai kuɗin haya ya yi jinkiri. Ya tabbata a ransa ba mai nemansa. Ya ci gaba da jefa ƙafa yana salati.

Da ya iso layinsu sai wata sabuwar wahala ta taso. Gidajen duka ƙira ɗaya ne, dusa ta rufe lambobinsu, ta cike matakalan ƙofa. Ya yi sama ya yi ƙasa, ya kasa gane nasa. Yana cikin wannan hali sai ya hangi wani ɗan haske yana lilo, ya kuma ji kamar ana kiran sunansa, a karkace, yadda bakin Bature ke iya furta shi. Ɗan kwana-kwanan ne, ya ɗaura igiya a ƙugunsa, ɗaya bakin yana ɗaure a ƙarfen barandar gida, tocila a hannu. Bakatsinen bai taɓa sanin mutumin nan ya san sunansa ba. Bai ce masa uffan ba, ya cafki wuyan kwat ɗinsa ya ja shi kamar ɗan akuya har cikin madafar tsohuwar.

Da ganin murhu sai ya miƙa hannuwa zai kai su ga wuta. Ɗan kwana-kwanan ya buge hannun, ya ce, "Kada ka kuskura, yaro. Naman da sanyi ya kama ba ya jin zafi, sai ya ƙone ba ka sani ba." Ya hana shi murza su kuma. Aka kawo ruwa mai ɗumi-ɗumi a kwano aka tsoma yatsun, waɗanda suka yi fari suka ƙandare kamar kyandir. Sa'ad da jini ya fara komawa cikinsu ya ji azabar da ta sa shi hawaye a gaban mutanen da ya yi wata biyar ba ya gaisarwa. Tsohuwar ta lulluɓe shi da bargon mijinta, ta haɗa masa shayi mai sukari da yawa, ta zauna tana dubansa. Can ta ce, "Ɗana, kullum kafin ƙarfe bakwai nakan ji ka hau matakalar nan, kana tsallake ta uku domin tana ƙara. Yau ban ji ka ba." Ashe tun ƙarfe takwas ta buga wa na tsakiya ƙofa, shi kuwa wannan fitarsa ta huɗu ke nan. Kunnen da ya kai ƙarar takunsa, shi ne dai kunnen da ya lura da rashinsa.

A rediyo suka riƙa jin abin da ke faruwa a waje. Wata iska mai tsananin sanyi da ta sauko daga Kanada ce ta tokare wa guguwar hanya, maimakon ta wuce cikin teku kamar yadda irinta suka saba, sai ta tsaya cik a kusa da gaɓa tana kwaso danshin teku tana juyewa a kan ƙasa, fiye da sa'a 30 ba ƙaƙƙautawa. Abin ya kuma zo daidai da ƙarshen watan Safar, lokacin ɓuyar wata, sa'ad da tekun kan yi cikar da ta fi ta kullum. Igiyar ruwa ta haura katangun gaɓa ta rushe gidaje a garuruwan Revere da Hull da Scituate. Wani ƙaramin jirgin ruwa mai suna Can Do ya fita daga Gloucester domin ya kai ɗauki ga wani jirgin dakon mai, shi da mutum biyar da ke cikinsa ba su dawo da rai ba. A babbar hanya mai lamba 128, wadda ta kewaye birnin, ƙananan motoci kimanin 3,000 da manya kimanin 500 suka maƙale. Waɗansu daga cikin mutanen da ke ciki sun bar inji a kunne domin su sami ɗumi, dusa ta toshe salansa, hayaƙi mai guba ya komo cikin mota ya kashe su. Kafin abin ya lafa ran Talata da dare, inci 27 ya zuba a Boston, abin da ba a taɓa aunawa a guguwa guda ba a tarihin birnin, kuma ba a zarce shi ba sai a 2003. Rayukan da aka rasa a dukan yankin sun kai wajen 100. Bakatsinen ya saurari duk wannan yana duban yatsunsa a cikin kwano, bai ce komai ba.

Gwamna Michael Dukakis ya hana fita da mota, hanin da ya kai kusan mako guda, aka fito da dakarun jiha, Shugaba Jimmy Carter kuma ya aiko da sojoji da manyan injunan share hanya. Wannan mako shi ne abin da dattijon ya fi son ba da labarinsa. Ran Laraba rana ta fito tarwai a kan birnin da ba ƙarar inji ko ɗaya, har mutum yana jin maganar waɗanda ke can ƙarshen layi. Jama'a suka fito suna tafiya a tsakiyar titi, waɗansu suna jan kayan cefane a kan katakon zamiyar yara. Mutanen da suka shekara goma suna kallon juna ta taga suka tsaya suna tambayar juna wa ke da madara, wa ya rasa burodi, wace tsohuwa ce ba a ga ta buɗe labule ba. Duk mai shebur ya zama na kowa. Samarin layin suka haɗu suka bi gida gida suna haƙa hanya zuwa ƙofofi, aikin da Bakatsinen ya ce ba shi da wani suna a wurinsa sai gayya, illa dai babu makaɗi.

A gidansu kuwa wutar lantarki ta ɗauke, ɗakunan sama suka yi sanyin da ba a iya kwana, su ukun suka tare a madafar tsohuwar inda murhun gas yake. Bututun ruwan sama ya daskare. Da asuba ya ɗebo dusa a tukunya ya narkar ya yi alwala, sai ya tuna zauren malaminsu a Katsina, inda suka karanta a fiƙihu cewa ruwan ƙanƙara idan ya narke ana tsarki da shi, suna yara suna dariya a ɓoye suna cewa ina za a tara ƙanƙarar da za ta isa wanke fuska. Tsohuwar da kanta ta share masa wuri a gefen teburi, ta tambaye shi wace fuska yake duba. Da abinci ya fara ƙarewa ya hau sama ya sauko da ƙullin kuka da daddawa da ya ɓoye a akwati tun zuwansa, ya tuƙa tuwo da garin masararta. Ɗan kwana-kwanan ya shinshina miyar ya yamutse fuska, sa'an nan ya cinye ya miƙo kwano a ƙara masa. Ran Alhamis maganin ciwon zuciyar tsohuwar ya kusa ƙarewa. Bakatsinen ya naɗe hannunsa, ya sa takalman mijinta masu dogon wuya, ya taka fiye da mil guda zuwa kantin maganin da aka ce ya buɗe, ya bi layi, ya dawo mata da shi. Ya ce bai taɓa yin aiken da ya yi masa daɗi kamar wannan ba.

A daren ne ya yi ƙarfin hali ya ce mata, "Iya, me ya sa kika rubuto mini takarda, alhali ga ni a gidanki?" Ta yi mamakin tambayar. Ta ce ai don kada ta kunyata shi ne. In ta tare shi ido da ido, dole ya tsaya yana ba ta haƙuri kamar yaron da aka kama, amma takarda yana iya karantawa shi kaɗai, su haɗu gobe kamar ba a yi ba. Ta ce a yadda aka tarbiyyantar da ita, ƙyale mutum da sha'aninsa girmamawa ce, yawan tambaya kuwa shisshigi ne, ita ma kuwa ta ɗauka shirun da ya yi alama ce ta ba ya son a dame shi. Nan fa jikinsa ya yi sanyi, gama abin da ta bayyana ba baƙo ba ne a wurinsa. Kara ce da kawaici, irin waɗanda aka raine shi a kansu, suka zo masa cikin tufafin da bai saba gani ba, ya kasa gane su. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Wata biyar ya yi yana yanke wa mutane hukunci da ma'aunin garinsu, bai ko tambaya ba.

Da aka ɗage hanin, motoci suka dawo, kowa ya koma bayan ƙofarsa. Mutanen layin da suka yi gayya tare suka koma ɗaga wa juna kai, dusar ta yi baƙi a gefen titi, ta daɗe kafin ta narke. Gaisuwar tsohuwar ba ta ƙaru da yawa ba, ɗan kwana-kwanan ma bai koyi fara'a ba. Bakatsinen ya rubuta wa wansa wasiƙa ta biyu ya janye maganarsa ta farko. Ya kuma sayi ɗan kilishi mai kauri ya shimfiɗa a ɗakinsa domin rage motsin asuba. Bayan kwana biyu sai ga wata takarda ta ƙarƙashin ƙofa, tsohuwar tana cewa ya ɗauke kilishin, ta riga ta saba, in ba ta ji takunsa ba barcinta ba ya daɗi.

Ya gama karatu ya dawo gida, ya koyar shekaru masu yawa har ya yi ritaya. Yanzu yana zaune a ɗaya daga cikin sababbin unguwannin bayan gari, inda kowane gida ke da doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, da rijiyar burtsatse da janareto nasa na kansa, ba mai zuwa ɗibar wuta ko aron guga a gidan wani. A nan ne ya ƙara fahimtar abin da ya gani a Boston: bukata ce ke fito da maƙwabtaka fili, wadata kuwa takan rufe ta, a kowace ƙasa. Abin da ke ba shi tsoro shi ne, gidan katako yana kai motsin mutum ga kunnen maƙwabcinsa ko ba a so, katangar bulo kuwa ba ta kai komai. Shekarun baya wani maƙwabcinsa ya kwanta ciwo har mako biyu, bai ji ba sai da ya ga motoci sun taru ana ta'aziyya.

Tun daga ranar ya ɗauki wata al'ada. Bayan sallar Asuba, musamman a kwanakin hunturu da yatsun nan ke tashinsa, yakan bi layinsu da sandarsa yana ƙwanƙwasa ƙofofin ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi maigadi ko yaron da ya leƙo yadda mutanen gida suka kwana. Waɗansu suna jin daɗin abin, waɗansu kuwa suna ganin tsufa ne ya fara taɓa Malam. Shi dai bai fasa ba, kuma idan wata safiya ya makara, akwai gida biyu ko uku da akan aiko yaro ya duba ko lafiya.